Wane Littafi Zan Saya, Bappa?

Bayan sallar isha'i ɗan yayana ya shigo shagona a Jekadafari, kwamfuta a hammata, wani ƙaton littafi a hannu, fuska a murtuke. Ko zama bai yi ba ya ce, "Bappa, don Allah duba mini wannan abu. Tun la'asar nake fama da layi ɗaya." Ya buɗe kwamfutar ya juyo mini da ita. Abin da ya rubuta bai wuce kalma huɗu ba: print "Sannu da zuwa". A ƙarƙashinsa Python, harshen rubuta manhajar da yake koyo, ta mayar masa da martani cewa akwai kuskure, bai sa baka ba, wato alamar ( ). Shi kuwa sai nuna mini shafin yake yi da yatsa, harafi bi harafi haka littafin ya rubuta, babu baka ko ɗaya. Na karɓi littafin, ban ma duba darasin ba, na juya zuwa bayan shafin farko inda ake sa shekarar bugu. 2010 aka rubuta. Littafin Python 2 ne, wadda masu kula da harshen suka daina tallafa wa tun 1 ga Janairu 2020, shi kuma Python 3 ce a kwamfutarsa. Kuɗin da ya tara yana taya wani aikin POS lokacin hutu, rabinsu ya tafi a kan littafin da zai riƙa koya masa abin da na'urarsa ba ta ji.

Da ransa ya ɗan yi sanyi sai ya fito da abin da ke cinsa. Abokansa a jami'a sun rabu uku. Wasu sun ce ya riƙe Python kawai, wasu sun ce Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, ita ce ƙofar aikin tsaron intanet, mafi yawansu kuma sun ce ƙirƙirarriyar basira ita ce harkar yau, ya tafi kai tsaye ga koyon na'ura, wato koya wa kwamfuta yin hasashe daga misalai, kada a bar shi a baya. Ragowar kuɗinsa ba za su wuce littafi ɗaya ba. Wanne zai saya? Na daɗe ina kula da kwamfutoci da netwok na wasu ofisoshi da wata makaranta a nan Gombe, kuma yara da yawa sun yi mini irin wannan tambaya a tsaitsaye. Wannan karon na ga ya kamata in zauna in ba da amsar da tsawonta.

Abu na farko shi ne wanda ya riga ya koya da kuɗinsa: shekarar bugu. Amma fannonin uku ba tare suke tsufa ba. Littafin umarnin Linux na shekara goma da suka wuce, mafi yawansa yana nan daram, domin umarnin yau da kullum irin su ls da cd da grep ba su sauya ba tun kafin a haifi ɗan yayan nawa. Inda zai yaudare ka shi ne wajen yadda na'ura ke tashi da yadda ake kunna hidimomi, saboda manyan rassan Linux sun koma wani sabon tsarin tayar da na'ura mai suna systemd tsakanin 2014 da 2015. Littafin Python kuwa, muddin Python 3 ce, tushensa bai lalace ba, sai dai ƙananan kayan aikin da ake ɗorawa a kai. Na koyon na'ura shi ne mai saurin rubewa kamar tumatir a zafin bazara. TensorFlow 2, sabon zubin ɗaya daga cikin manyan kayan aikin fannin, ta fito a 2019 ta sauya yadda ake rubuta kusan komai, don haka wanda ya ɗauko littafin 2017 zai yi ta kwafar misalai suna ƙin tafiya, ya zaci kansa ne ba ya ja. Yawancin littattafan da ke yawo a WhatsApp da Telegram irin waɗannan ne, tsofaffin bugu da wani ya sato ya watsa. Ban da haƙƙin masu su da ke kan wanda ya karɓa, ga ɓata lokaci. Abin da ke ba ni takaici shi ne, da yawa daga cikin mafi kyawun littattafan nan marubutansu da kansu sun sake su kyauta, sabbin bugu, halal ɗinka, amma yaranmu ba su sani ba.

Mu fara da Python, don nan ne kowa zai bi ko ina ya nufa. Littattafai biyu ne ke gogayya a hannun masu farawa, dukansu daga maɗaba'ar No Starch Press, dukansu kuma sun fara fitowa a 2015: Python Crash Course na Eric Matthes, da Automate the Boring Stuff with Python na Al Sweigart. Mutane kan ɗauka abu ɗaya suke koyarwa. Harshen ɗaya ne, amma mutumin da kowanne ke son ya mayar da kai daban ne.

Matthes malamin sakandare ne kafin ya zama marubuci, kuma ana ganin haka a kowane shafi. Ba ya tsallake mataki. Babi 11 na farko tushe ne zalla, daga yadda ake ajiye suna da lamba, zuwa jeri, zuwa sharaɗi, zuwa yadda ake tsara aiki gunduwa-gunduwa, har zuwa babi na 9 inda yake koyar da tsarin class, wato haɗa bayanai da ayyukan da ake yi a kansu wuri guda, da na 11 inda yake koya maka gwada abin da ka rubuta kafin ka miƙa wa wani. Bayan kowane ɗan bayani akwai atisaye da za ka yi da hannunka. Rabi na biyu ayyuka uku ne manya: wasan kwamfuta na harbin jiragen sama jannati da Pygame, zana alƙaluma da Matplotlib da Plotly, sai gina shafin intanet da Django. Bugu na uku ya fito a 2023, shafi sama da 500. Ba kyauta ba ne. Wanda ya sauke shi, irin saukar da muke nufi a makarantar allo, ya yi kowane atisaye bai yi wa kansa ha'inci ba, ya zama mutumin da zai iya zama da masu rubuta manhaja ya gane abin da suke faɗa.

Sweigart kuwa sauri yake ya kai ka inda za ka ga amfani. Tushen ya taƙaita shi a 'yan babobi na farko, daga nan sai aiki: sauya sunayen fayil ɗari a lokaci guda, tsamo lambobin waya daga cikin dogon rubutu, karanta Excel da rubuta shi, haɗa PDF, cike takardun Word, tura saƙon imel, kwaso bayanai daga shafin intanet. Da idona na ga abin da wannan littafi ya yi wa wata malama a makarantar da nake yi wa aiki. Duk ƙarshen zango takan kwana uku tana kwafe makin ɗalibai daga fayil ɗin kowane malami zuwa babbar takardar sakamako, idonta ya yi jawur, kuma duk da haka sai an sami sunan da makinsa ya koma na wani. Ta bi babin Excel sati biyu, da daddare bayan yara sun kwanta. Ranar da ta kira ni in gani, layi ne bai fi 40 ba. Ta danna, kafin in gyara zama takardun aji shida sun haɗu wuri guda. Ta yi shiru tana kallon allon, can ta ce, "Malam, ashe shekarun nan wahalar banza na sha." Ita ba ta da niyyar zama injiniyar manhaja, kuma ba ta buƙata. Littafin duka yana shafin marubucin a intanet, kowa ya karanta kyauta da izininsa.

Inda yake da rauni shi ne, a bugun da na karanta bai koyar da class ba sam, kuma bai damu ƙwarai da koya maka tsara babban aiki yadda wani zai gaje shi ba. Wanda ya tashi a kansa kaɗai yakan iya sa kwamfuta ta yi abu, amma rubutunsa kan zama kamar ɗakin da aka yi ta ƙara wa kwano ba tare da tubali ba. Don haka hukuncina a nan a fili yake. Ma'aikacin ofis, malamin makaranta, mai shagon buga takardu, akanta, duk wanda ke da aikin da ke cin ransa yau, ya ɗauki Sweigart, bai kashe ko sisi ba. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ke son wannan ta zama sana'arsa, Matthes ya fi masa, kuma idan littafi ɗaya tak zai saya da kuɗi a shekararsa ta farko, to wannan ne. Wanda aljihunsa bai kai ba kuma yana son tushe mai ƙarfi, akwai Think Python na Allen Downey, shi ma kyauta, wanda ya fi su duka koya maka yadda ake tunani a warware matsala, sai dai ya fi su bushewa, yana son mai haƙuri.

Akan tambaye ni game da The C Programming Language na Brian Kernighan da Dennis Ritchie, wanda ya fito a 1978 aka sake shi a 1988. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, kuma ina da shi ina girmama shi. Amma marubutan sun ɗauka ka riga ka iya wani harshen. A ajiye shi sai shekara ta biyu.

Sai Linux, inda ni zuciyata ta fi karkata, kuma inda nake ganin yaranmu sun fi yin sakaci. Kowa yana son ya ce shi ɗan tsaron intanet ne, ya sa Kali, nau'in Linux na masu gwajin tsaro, a kwamfuta, amma ka ce ya nemo maka fayil ɗin da ya cika faifai sai ya tsaya yana kallonka. Littafin farko a nan ba ya buƙatar dogon mahawara: The Linux Command Line na William Shotts. Yana kyauta a PDF a shafin marubucin, an kuma buga shi a takarda, bugu na biyu a 2019. Yakan kama hannunka daga ranar da ka fara ganin baƙin allon nan mai ƙyaftawa ba ka san me za ka rubuta ba, ya bi da kai ta yawo cikin folda, izinin fayil, haɗa umarni da umarni, har ka iya rubuta ɗan shirin da zai riƙa yi maka ajiyar kwafi kowane dare. Abin da ya sa ya dace da mu musamman shi ne ba ya son komai. Ba ya son data, ba ya son babbar na'ura. Tsohuwar kwamfuta mai RAM gig 2 ta isa. Mai Windows zai iya sa WSL ko VirtualBox, waɗanda ke ba shi damar kunna Linux a cikin Windows ɗin. Wanda ma ba shi da kwamfuta, ya sa Termux, manhajar da ke ba da allon umarnin Linux, a wayarsa ta Android, zai yi yawancin babobin farko yana zaune a ƙofar gida an ɗauke wuta.

Shotts yana koya maka tuƙi ne. How Linux Works na Brian Ward, bugu na uku 2021, shi ke buɗe maka bonet. Me ke faruwa daga lokacin da ka danna maɓallin kunnawa zuwa lokacin da aka tambaye ka kalmar sirri? Yaya na'ura ke ganin faifai, yaya take raba ƙwaƙwalwa, ta ina saƙo ke fita zuwa netwok? Bari in faɗi ranar da na san darajarsa. Wata safiyar Litinin aka kira ni makarantar nan, sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan ɗalibai, ta ƙi tashi bayan wuta ta yi ta kai da kawowa a daren Lahadi. Iyaye sun fara layi a ofishin kuɗi. Allon ya tsaya a wani saƙo cewa na'ura ta shiga yanayin gaggawa. Wanda ya riga ni zuwa har ya fito da filas zai goge komai ya sake sawa. Na ce ya dakata. Na rubuta journalctl -xb na bi rahoton tashin a hankali, sai ga layin da ke cewa ta jira wani faifai bai zo ba. Na leƙa bayan tebur: faifan waje da muke ajiyar kwafi a ciki, wani ya zare shi ya sa cajar waya a gurbinsa. Sunan faifan yana cikin /etc/fstab, jerin faifan da na'ura ke nema idan tana tashi, ita kuma na'urar an gaya mata kada ta ci gaba sai ta gan shi. Na mayar da shi, na ƙara kalmar nofail a layin don kada a sake, ta tashi. Minti goma. Babi na 4 zuwa na 6 na littafin Ward, faifai da tashin na'ura, su ne suka tsaya tsakanin makarantar da asarar bayanan shekaru. Ba a samun sa kyauta, kuma ba littafin rana ta farko ba ne, amma duk wanda za a damƙa wa saba ya kula da ita, wannan kuɗi ba asara ba ne.

Na ukunsu shi ne UNIX and Linux System Administration Handbook na Evi Nemeth da abokan aikinta, bugu na biyar 2017, shafi fiye da 1,000. Wannan ba a karanta shi daga bango zuwa bango. Kundin ma'aikaci ne, ka ajiye kusa, ranar da aka ce ka kafa DNS, mai fassara sunan shafi zuwa adireshin na'ura, ko sabar imel ka buɗe babin. Akwai hikimar mutanen da suka shekara talatin suna wannan aiki a cikinsa, har da yadda za ka zauna da masu amfani da na'urorin da shugabannin da ba su san aikinka ba. Nemeth ɗin kanta ta ɓace a teku a 2013, a wani jirgin ruwa tsakanin Niyu Zilan da Ostireliya, sauran suka ci gaba da littafin. Ga ɗalibi, tsadarsa da nauyinsa sun fi amfaninsa a yanzu, wasu sassan kuma sun fara tsufa, misali CentOS, reshen Linux da yake yawan ambata, an rufe babinta, tallafin CentOS 7 ma ya ƙare a Yunin 2024. Idan ofis ne zai saya wa sashen kwamfuta, to madalla.

Yanzu ga inda ɗan yayana ya fi ɗoki. Na ce masa, a zaure ba a fara wa almajiri da babban littafin fiƙihu, sai ya sauke ƙanana, ba don an raina shi ba, don babban yana magana ne da wanda ya riga ya san ƙananan. Koyon na'ura haka yake. Yana tsaye a kan ƙafa uku: Python, sarrafa alƙaluma, da lissafi. Wanda ya tsallake su zai iya kwafar layi goma ya ga na'ura ta ce ta ci kashi 98 cikin 100, ya yi ta murna, bai san cewa amsar jarrabawar ce ya ba ta tun a wajen koyo ba.

Idan an shirya, littattafai biyu ne za a auna. Hands-On Machine Learning na Aurélien Géron, daga O'Reilly, ya fito a 2017, aka sabunta shi a 2019 da 2022. An Introduction to Statistical Learning kuma na Gareth James da Daniela Witten da Trevor Hastie da Robert Tibshirani ne, ya fito a 2013 da harshen R, sai a 2023 suka fitar da na Python tare da Jonathan Taylor. Géron injiniya ne, da aiki yake farawa. Tun babi na 2 zai ba ka alƙaluman gidajen Kalifoniya ya ce ka gina abin da zai yi hasashen farashinsu, daga ɗauko bayanan, zuwa tsaftace su, zuwa ware wani kaso ka ɓoye don gwaji, har ƙarshe. Babi na 3 hotuna 70,000 ne na lambobin da mutane suka rubuta da hannu, ka koya wa na'ura ta bambance su. Babi na 2 ɗin nan kaɗai, a ganina, ya fi kwasa-kwasan bidiyo da yawa da yara ke ƙona data a kansu. Rabin farko, na Scikit-Learn, kayan aikin Python na koyon na'ura, yana tafiya lafiya a kwamfuta mai RAM gig 4 ko 8 ba tare da intanet ba. Rabi na biyu, na koyo mai zurfi, wato nau'in koyon na'ura mai cin tarin bayanai da ƙarfin kwamfuta, nan ne matsalarmu take. Yana son GPU, na'urar lissafi mai saurin gaske, wadda kusan babu ɗalibin da ke da ita, don haka sai a koma Google Colab, inda ake aron na'urorin Google ta intanet, shi kuma yana son netwok da ba ya yankewa. Wanda ya taɓa barin na'ura tana koyo awa guda, netwok ya ɗauke, ya dawo ya tarar komai ya tafi, ya san abin da nake faɗa. Ga tsada: littafin ya haura shafi 800, farashinsa da dala ne, kafin ya iso Gombe daga Legas ko Abuja kuɗin ya isa ya sayi tsohuwar waya mai kyau. Misalan shirye-shiryen dai marubucin ya sa su kyauta a shafin GitHub. Kuma tunda masu bincike da yawa sun bar TensorFlow da bugun da na ambata ke amfani da ita sun koma takwararta PyTorch, kafin ka biya ka tabbatar mafi sabon bugu ake miƙo maka.

Na su James malaman ƙididdiga ne suka rubuta, da dalili suke farawa. Me ya sa abin da ya haddace bayanan koyo yakan faɗi idan ya haɗu da sababbi? Yaushe hanya mai sauƙi ta fi mai sarƙaƙiya? Yaya za ka san sakamakonka ba dace ba ne kawai? Suna bayani da zane da misali, lissafin bai wuce abin da ɗan aji biyu a kimiyya zai iya bi ba, kuma kowane babi yana ƙarewa da aikin gwaji a kwamfuta. PDF ɗinsa kyauta ne a shafin marubutan, kuma kusan duk aikin ciki ƙaramar na'ura za ta ɗauka. Ba zai ba ka zumuɗin da Géron ke bayarwa ba, a sati na farko ba za ka sami abin nuna wa abokai ba. Amma ka dubi irin bayanan da muke da su a nan. Ba mu da hotuna miliyan. Abin da muke da shi rajistar asibiti ce, makin ɗalibai, farashin masara da wake a Tudun Hatsi mako bayan mako, yawan ruwan sama da abin da gona ta bayar a Dadin Kowa. Layi ɗari biyar, dubu biyu, da gurabe da yawa babu komai. Irin waɗannan ba sa son koyo mai zurfi, suna son mutumin da ya san abin da ƙananan alƙaluma za su iya faɗa da abin da ba za su iya ba. Shi ya sa ni, ga mai karatu a Gombe, na fi sa wannan a gaba, Géron ya biyo baya idan hali ya samu. Wanda kuwa ya san kansa, ya san in bai ga abu yana motsi ba zai yar da littafi, to ya juya tsarin, ya fara da rabin farko na Géron, amma ya yi alkawarin dawowa.

Tsakanin Python da waɗannan biyun akwai gadar da ake yawan mantawa: Python for Data Analysis na Wes McKinney, mutumin da ya ƙirƙiri pandas, kayan aikin Python na sarrafa alƙaluma. Bugu na uku, 2022, yana intanet kyauta. Mafi yawan lokacin mai wannan aiki a gyaran bayanai yake tafiya, inda wani ya rubuta Kumo, wani kumo, wani Kummo, kuma dole na'ura ta san gari ɗaya ne. Deep Learning na Ian Goodfellow da Yoshua Bengio da Aaron Courville, 2016, shi ma ana karanta shi kyauta, amma na masu digiri na biyu ne zuwa sama, kuma ya riga fasahar da ke ƙarƙashin ChatGPT fitowa. Na ga yara sun buga shi dukansa sun ɗinke, bai wuce babi na 2 ba ya koma ƙarƙashin gado. Wanda lissafi ke ba shi tsoro, Mathematics for Machine Learning na 2020 yana nan kyauta, ya ɗauki babobin aljabara da kalkulas da ilimin yiwuwa a hankali.

Saura maganar takarda ko allo. Ni ina son takarda, don ba ta cin caji, ba ta kawo saƙon WhatsApp a tsakiyar karatu, kuma kana iya buɗe ta gefe kana bugawa a kwamfuta. Amma ban ga dalilin buga shafi 500 a rana ɗaya ba. Waɗanda marubutansu suka yarda a kwafa don amfanin kai, irin na Shotts, ka kai shagon buga takardu a fitar maka da babi uku, gaba da baya, ka gama su, sannan ka koma. Kuɗin ya zo da sauƙi, kuma ƙaramin ɗauri ba ya karya gwiwa kamar ƙaton kundi. Sai Turanci, wanda ba a cika faɗa ba don kunya. Duk littattafan da na ambata da Turanci suke. Na Matthes da Sweigart da Shotts mai sauƙi ne, wanda ya gama sakandare da ƙamus a waya zai bi. Na Nemeth cike yake da barkwancin Amurkawa da kan rikita baƙo. Shawarar da nake ba kowa ita ce ya sayi littafin rubutu mai 60, duk abin da ya karanta ya mayar da shi Hausa da kalmominsa. Abin da ka kasa faɗa da Hausa, ba ka gane shi ba tukuna. Manhajojin hira irin su ChatGPT suna da amfani wajen fassara maka saƙon kuskure ko sake bayanin sakin layin da ya shige maka duhu, har da Hausa wani lokaci. Abin da ba za su yi maka ba shi ne su san abin da ya kamata ka tambaya a gaba. Wannan jerantawar ita ake saya a littafi.

Abin da muka tsayar da ɗan yayana ke nan a daren. Ragowar kuɗinsa, da ɗan abin da na cika masa, suka tafi a kan Python Crash Course bugu na uku, na sa wani abokina da ke zuwa Abuja ya duba shekarar da idonsa kafin ya biya. Na ɗauko masa na Shotts daga shafin marubucin, muka buga babi huɗu na farko. How Linux Works nawa ne, na ce zan ara masa ranar da ya rubuta mini shirin da zai kwafe folda zuwa filas da kansa ya sa kwanan wata a sunanta. Koyon na'ura muka ce sai bayan zango biyu. Bai ji daɗin wannan ba, ya ce, "Bappa, abokaina fa har sun fara." Na ce to shi ma ya fara, amma ta inda su ba su fara ba: mahaifiyarsa tana aiken sa Tudun Hatsi duk mako, ya riƙa rubuta farashin mudun masara da dawa da wake da shinkafa, da kwanan wata, a fayil ɗaya, kada ya tsallake ko sati guda.

Yanzu duk Asabar bayan la'asar yakan zo shago ya biya mini abin da ya karanta. Yana babi na 9. Fayil ɗin farashin ya kai layi 14, kuma makon jiya shi da kansa ya lura cewa sau biyu ya rubuta farashin tiya a gurbin na mudu, ya zauna yana tunanin yadda zai sa Python ta riƙa kama irin wannan kafin ya shiga.